Kunkurun Aji da Ƙofar Tur'a: Tarihin Kwamfutar Cikin Na'ura a Ƙasar Jazira da Sannar

Fagen binciken da ake kira kwamfutar cikin na'ura ya shafi ƙananan ƙwaƙwalen lantarki waɗanda ake dasawa a cikin wani abin amfani domin su tafiyar da shi, galibi ba tare da babban allon kallo ko madannan rubutu irin na kwamfutar tebur ba, irin wadda ke cikin mitar wutar lantarki ta kati, ko wadda ke daidaita gudun injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Mutum-mutumin koyarwa kuwa, wanda galibi ba ya kama da mutum ko kaɗan, 'yar keke ce mai taya biyu ko uku da ake ɗora wa irin wannan ƙwaƙwalwa domin ɗalibi ya rubuta mata umarni, ya ga tunaninsa yana tafiya a ƙasa. Masu aiki a fagen ba sa raba abubuwan biyu, domin ginshiƙinsu ɗaya ne: akwai sansa, wato ɓangaren da ke jin haske ko zafi ko nisa ya mayar da shi lamba, akwai ƙwaƙwalwar da ke auna lambar da ƙa'idar da aka rubuta mata, sannan akwai ƙaramin inji ko makunni da ke zartar da hukuncin. A ƙasar Sudan, a yankin da ke tsakanin Wad Madani da Sannar da Sinja, inda ƙauyukan Hausawa ke jere a gaɓar Shuɗin Nilu da cikin gonakin Jazira, wannan ilimi ya shigo ne ta ƙofar jami'a da ta shagon gyara, kuma tambayar da ta riƙe shi tun farko ita ce tambayar ruwa.

Asalin mutum-mutumin koyarwa yana komawa ga Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi shekaru yana aiki tare da Jean Piaget a Janiba kan yadda hankalin yaro ke ginuwa, kafin ya koma Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro Logo, harshen umarni da aka tsara domin yara, kuma ba da jimawa ba aka haɗa shi da wata na'ura mai taya da alƙalami a cikinta, wadda suka kira kunkuru, suna bin sawun kunkurun lantarkin da Grey Walter ya ƙera a Bristol ta Ingila a ƙarshen shekarun 1940. Yaro yana ce wa kunkurun ya yi gaba taku kaza, ya juya dama kusurwa kaza, idan murabba'in da yake nufi bai rufu ba sai ya koma ya nemi inda ya kuskure da kansa, kuma wannan neman kuskure shi ne abin da Papert ya ɗauka a matsayin zuciyar koyo a littafinsa Mindstorms na 1980. Daga sunan littafin kamfanin LEGO ya raɗa wa kayan haɗa mutum-mutuminsa na 1998 suna. Afirka ta ga gwajin wannan ra'ayi da wuri, domin a 1982 Papert da Nicholas Negroponte sun kai kwamfutocin Apple II wata makaranta a Dakar, kuma a 2007 shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro ya sauka a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja. Duka biyun ba su yi tsawon rai ba, kuma abin da masu fagen suka koya daga gare su shi ne cewa na'urar da aka kawo daga nesa, ba mai gyara ta a kusa, ba kuma malamin da ya mallake ta a hannunsa, takan mutu da zarar masu kawo ta sun juya baya.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa ruwa ya mamaye wannan bincike a Sudan, dole a dubi ƙasar kanta. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sannar, kuma a kansu da kan mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka ne aka dogara wajen samun hannun aiki lokacin da aka kammala madatsar Sannar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira. Bayan faɗaɗawar Manakil da gina madatsar Rusairis a 1966, aikin ya kai kimanin faddan miliyan biyu da dubu ɗari, kowane faddan kuma murabba'in mita 4,200 ne. Ruwa yana gangarowa da nauyinsa daga babbar magudana zuwa manyan rassa, daga nan zuwa ƙananan magudanai da ake kira tur'o'i, daga tur'a zuwa Abu Ishirin mai shayar da nimra guda ta faddan 90, sannan zuwa Abu Sitta mai shiga hawasha, wato gonar manomi ɗaya. Tsarin da ya tafiyar da wannan duka shekaru da dama shi ne na neman ruwa daga ƙasa zuwa sama: mufattishin yanki, wato jami'in duba gonaki, ya ƙiyasta bukatar gonakinsa, ya miƙa wa injiniyan ban ruwa, ana tara lambobin ta wayar tarho har su isa madatsa, gafiri kuma, wato mai gadin ƙofar ruwa, yana tsaye a bakin ƙofa yana duba ma'aunin ruwa, yana buɗewa ko rufewa. Ƙwaƙwalwar da ake dasawa a bakin tur'a aikin gafirin nan take ƙoƙarin yi, ta duba, ta yanke, ta buɗe, kuma duk injiniyan da ya girma a Jazira ya san haka kafin a koya masa a aji.

Jami'ar Khartum ta kafa cibiyar kwamfutarta a 1967, a zamanin da kwamfuta ke cika ɗaki guda kuma ba wanda zai yi tunanin ɗaukarta zuwa gona. Abin da ya canza lamarin a duniya shi ne haɗa ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da ƙafafun shiga da fita a ƙwaya guda, wadda ake kira maikrokwanturola: Intel ta fito da 8051 a 1980, Microchip ta fito da PIC16C84 a 1993, wadda ake iya goge umarninta da lantarki a sake rubutawa ba tare da fitilar musamman ba, sannan dangin AVR na kamfanin Atmel suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1990. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a Wad Madani a 1975 da niyyar ta zama jami'ar karkara mai fuskantar matsalolin manoma, ta koyar da lantarki da na'urorin awo tun kafin fagen ya samu sunan da ake kiransa da shi yanzu, kuma Jami'ar Sannar, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1995 daga tushen kwalejin noma ta Abu Na'ama, tana da kwalejin horar da malamai a Sinja. Faɗaɗa jami'o'i da aka yi daga 1990, tare da mayar da harshen koyarwa Larabci, ya kawo ɗalibai masu yawa daga garuruwan da ba su taɓa tura kowa karatun injiniya ba, amma ɗakunan gwaji ba su ƙaru daidai da yawan kujeru ba.

A kan wannan ƙarancin ne takunkumin tattalin arzikin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a Nuwamban 1997 ya sauka, bai kuma tashi ba sai Oktoban 2017. Shekara ashirin ke nan da malamin jami'a ba ya iya sayen kaya kai tsaye daga manyan dillalan kayan lantarki na Amurka, ba ya iya biya da katin banki, kuma shafukan kamfanoni da dama suna rufe masa ƙofa idan ya je sauke manhajar aiki. Kaya sukan zo ne a jakar matafiyi daga Dubai ko Alƙahira ko Sin, su sauka a shagunan Khartum, ɗalibin Sinja ko Sannar kuma ya yi tafiyar yini domin ƙwaya ɗaya, yana addu'ar kada ya ƙona ta a ranar farko ta hanyar juya mata waya. Wannan hali ya bar tabo a salon binciken kansa. An dogara ƙwarai da manhajar kwaikwayo irin Proteus, inda ake zana da'irar lantarki a allon kwamfuta a ga fitila ta kama, inji ya juya, ba tare da an taɓa dalma ba. Kuma kundayen kammala karatu masu yawa na wancan zamani, waɗanda aka gina kan ATmega16 da harshen BASCOM, suna ƙarewa ne da hoton kwaikwayo maimakon hoton na'ura a gona. Ba a zargin ɗaliban da kasala a nan, domin wanda ya koyi karanta takardar bayanin ƙwaya shafi-shafi saboda ba shi da ta biyu idan ta farko ta ƙone yakan fito da fahimtar da ta fi ta wanda ke da aljihun tebur cike da kaya.

Zuwan Arduino, allon da aka ƙera a garin Ivrea na Italiya a 2005 aka kuma bar zanensa a buɗe ga kowa, ya sassauta wannan ƙunci fiye da kowace manufa ta gwamnati, domin masana'antun Sin sun kwaikwaye shi a farashi mai rahusa kuma manhajarsa kyauta ce. Nau'in Uno yana ɗauke da ƙwayar ATmega328P mai ma'ajiyar umarni ta kilobayit 32 da ma'ajiyar aiki ta kilobayit 2 kacal, abin da ke tilasta wa mai rubutu tsimi a kowane layi. Raspberry Pi ta biyo baya a 2012 a kan dala 35, sai ESP8266 a 2014 da ESP32 a 2016, masu haɗuwa da intanet ba waya. Daga nan darasin farko na ɗalibin injiniya ya zama keke mai bin layi: ana manna baƙin tef a farin allo, ana sa sansa biyu masu aika hasken da ido ba ya gani su karɓi wanda ya dawo, fari yana mayar da shi da yawa, baƙi yana shanye shi, ƙwaƙwalwar kuma tana rage gudun tayar hagu ko ta dama domin keken ya koma kan hanya. A gwajin farko keken yakan riƙa tangaɗi, ya wuce layi ta nan ya wuce ta can, har sai ɗalibin ya koyi gyara gwargwadon girman kaucewa da saurin da take ƙaruwa. Wannan lissafin shi ne ainihin wanda ake bukata domin riƙe ruwan tur'a a tsayi guda ba tare da ƙofa ta riƙa buɗewa da rufewa barkatai ba, kuma a nan ne wasan aji ke haɗuwa da aikin gona.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne abin da ke faruwa idan aka fitar da na'urar daga ɗakin gwaji. Aikin kammala karatu da ya fi yawa a wannan yanki shi ne ban ruwa mai sarrafa kansa: sansar danshi a ƙasa, Arduino, makunnin da ke tayar da famfo, da ƙaramin allon waya irin SIM800 mai tura wa manomi saƙo. A gaban kwamitin jarrabawa, da tukunyar fure da kofin ruwa, komai yana tafiya daidai. Ƙasar Jazira kuwa baƙin laka ce mai nauyi, wadda ke kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe har hannu ya shiga, saboda haka sansar da aka soka a jiƙe tana iya wayar gari a rataye cikin tsaga tana auna iska. Sansa mai rahusa, mai haƙora biyu na ƙarfe da ke auna yadda lantarki ke ratsa ƙasa, takan ci tsatsa cikin makonni saboda wutar da ke bi ta cikinta, kuma gishirin ƙasa da takin zamani suna ruɗa ta ta ɗauka danshi ne. Na'urar auna tsayin ruwa da amsa-kuwwa tana aika sauti mai kaɗawa 40,000 a daƙiƙa ta ƙirga lokacin dawowarsa, tana ɗauka cewa sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa. Amma wannan gudun na zafin digiri 20 ne, yana kuma ƙaruwa da kusan kashi shida cikin goma na mita a kowane digiri, ta yadda a ranar bazara mai digiri 45 awon mita biyu zai kauce da fiye da santimita takwas, tazarar da ke iya raba hawashar da ta sha da wadda ta kwana da ƙishi a ƙarshen tur'a. Allon wayar kuma yakan zuƙi wutar da ta kai amfiya biyu a lokacin da yake neman hanyar sadarwa, ya sa ƙwaƙwalwar ta suma ta farfaɗo daga farko. A ƙara da ƙurar guguwar habub, da lakar da kogin ke saukowa da ita daga tsaunukan Habasha a damina tana toshe duk abin da aka nutsar, da batirin da zafi ke gajarta wa kwana.

Waɗannan matsaloli su ne binciken na gaskiya, kuma abin takaici shi ne tsarin jami'a bai saba ba su lokaci ba. Ɗalibi yana da shekara guda, yana biyan kuɗin kaya daga aljihunsa, da zarar an ba shi maki sai ya kwance allon ya sayar wa na bayansa, wanda zai sake gina abu guda daga tushe ya tsaya a inda na farko ya tsaya. Da a ce sashe ɗaya zai riƙe tashar awo guda a bakin Abu Ishirin guda na tsawon damina uku, kowane aji ya gaji bayanan na gabansa ya gyara lahani ɗaya, da an san irin sansar da ke jure wannan laka da zurfin da ya dace a binne ta. Aikin da ya fi kusa da wannan haƙuri ya fito ne daga Cibiyar Binciken Ruwa ta Wad Madani, wadda a kakar 2014 zuwa 2015 ta haɗa kai da kamfanin eLEAF na ƙasar Holan, da tallafin cibiyar CTA, suka gwada wa manoma 44 na Jazira shawarar ban ruwa: hoton tauraron ɗan'adam yana nuna yawan ruwan da shuka ta fitar, ana lissafa ranar da ya kamata a shayar, saƙo kuma ya shiga wayar manomi da Larabci. Wannan hanya ta kauce wa tsatsa da tsagar laka gaba ɗaya, amma ita ma tana bukatar awo daga ƙasa domin a tabbatar da abin da aka gani daga sama, kuma ba ta iya buɗe ƙofar da laka ta cike ba. Tun bayan dokar Jazira ta 2005, wadda ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama ta kuma sassauta tsohon tsarin rabon ruwa, bukatar awo na gaskiya a ƙananan tur'o'i ta ƙaru, domin lissafin da ake yi a ofis a zamanin juyin amfani na bai ɗaya ya daina dacewa da abin da ke cikin gona.

Ta fuskar makarantun yara kuwa, tsada ce ta fara tare hanya. Akwatin LEGO guda ya riƙa cin ɗaruruwan daloli, kuma kamfanin ya daina yin dangin Mindstorms a ƙarshen 2022. Domin amsa wannan tsadar ne Ayorkor Korsah ta Jami'ar Ashesi a Gana da Ken Goldberg na Jami'ar Kalifoniya suka kafa ƙungiyar AFRON a 2012, suka sa gasar ƙera mutum-mutumin koyarwa na dala goma. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nasara, Thomas Tilley da ke koyarwa a Tailan a lokacin, ya gina nasa da na'urar wasan bidiyo ta hannu da alawa mai tsinke biyu a kan dala 8.96. Sidy Ndao ya assasa gasar mutum-mutumi ta ɗaliban Afirka a Dakar, kuma a Yulin 2017 tawagar matasan Sudan ta halarci gasar FIRST Global ta farko a Washinton, inda aikin da aka ba na'urorin shi ne ware shuɗɗan ƙwallaye masu wakiltar ruwa mai tsabta daga masu ruwan lemo masu wakiltar gurɓata. Irin waɗannan gasa suna ɗaga zuciya, amma harkar ta fi taruwa a babban birni da makarantu masu zaman kansu, ba ta gangara zuwa kambo ba, wato unguwannin ma'aikatan gona da ke gefen tur'o'i, inda Hausawa da sauran mutanen yamma da dama suka zauna tsara bayan tsara ba hawasha, galibi kuma ba wutar lantarki.

Akwai kuma nauyin harshe, wanda masu tsara manhaja a birni ba kasafai suke gani ba. Yaron Mai Wurno ko na ƙauyukan kewayen Sinja yana tunani da Hausa ko Fillanci a gida, yana karatu da Larabci, sannan ya tarar da umarnin kwamfuta da takardun bayanin ƙwayoyi da Ingilishi, ana kuma rubuta su daga hagu zuwa dama. A nan ne mutum-mutumin koyarwa yake da fa'idar da littafi ba shi da ita, domin keken da ya kauce wa layi ya nuna kuskurensa a fili, kuma malami yana iya tattauna dalilin da yaran da harshen da suka fi sakewa da shi kafin a koma ga rubutu. Saboda haka wurin da ya fi dacewa a dasa wannan ilimi shi ne kwalejin horar da malamai, irin wadda ke Sinja, domin malamin lissafi ko kimiyya guda da ya iya like waya da dalma ɗaruruwan yara za su wuce ta hannunsa, alhali injiniyan da ya ƙware yakan nufi Khartum ko ƙasashen Larabawa na Gabas.

A gefe guda, ba tare da takardar shaida ba, wani rukunin masana ya taso a kasuwa. Masu gyaran waya, kamar takwarorinsu na kasuwar Farm Centre a Kano, sun saba ɗaga ƙwaya da iska mai zafi su mayar da wata, kuma bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, wadda ta tafi da mafi yawan man fetur, da ƙarancin gas ɗin inji da ya tsananta daga 2018, masu lambunan ayaba da mangwaro na bakin kogi sun fara komawa ga famfon sola. A cikin akwatin kowane irin wannan famfo akwai ƙwaƙwalwar da ke bin ƙarfin rana tana daidaita gudun inji, tana kashe shi idan ruwa ya janye, kuma wanda ake kira idan ta nuna lambar matsala shi ne mai gyaran unguwa. Jami'a da waɗannan masu gyara ba su cika zama wuri guda ba, ko da yake ɗaya yana da lissafin da ɗayan ke nema, ɗayan kuma ya san abin da ke fara lalacewa a watan Mayu.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun Da'amus Sari a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya yanke wannan tarihi a tsakiya. Wad Madani, wadda ta karɓi jami'o'i da iyalan da suka gudo daga Khartum, ta faɗa hannun dakarun Da'amus Sari a Disamban 2023, Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe ta a Nuwamban shekarar, su kuma shiga Wad Madani a Janairun 2025. An wawashe ɗakunan gwaji, an kwashe faifan sola daga rijiyoyi da gonaki, malamai da ɗalibai sun watse zuwa Gadarif da Kasala da Masar. Katsewar hanyoyin sadarwa ta Fabrairun 2024 ta fallasa raunin duk na'urar da aka gina bisa zaton cewa layin waya zai kasance kullum, kuma ta ƙarfafa hujjar masu cewa tashar awo ta riƙa adana bayananta a katin ma'ajiya, ta yi magana da maƙwabciyarta ta rediyo mai cin wuta kaɗan irin LoRa, wadda ke kai saƙo kilomitoci a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar Jazira, ta kuma zama ƙarama ta yadda ba za ta ja idon ɓarawo ba. Ɗakin gwajin wannan fage yana cikin mafi sauƙin mayarwa a duk sassan injiniya, domin allo ashirin da na'urorin awo da ƙarfen dalma suna shiga akwati guda, faifan sola ɗaya kuma yana iya riƙe su. Abin da zai fi ɗaukar lokaci shi ne dawo da malaman da suka san lakar, da yashe tur'o'in da aka bari ba a taɓa su ba lokacin yaƙin.